Shin Sarki Louis na 14 ne ya buɗe makarantar rawa ta farko?

Wata ɗaliba mai nazarin wasan kwaikwayo ce ta aiko da tambaya. Ta ce ta karanta cewa Sarkin Faransa Louis na 14 shi ya kafa makarantar rawa ta farko a duniya a shekarar 1661, kuma daga nan rawar bale, wato rawar dandamali ta Turawa mai tsauraran ƙa'idojin taku da tsalle, ta samo asali. Tana son ta san ko haka ne, sannan tana mamakin abin da ya haɗa sarki guda da harkar rawa har ya sa mata hatiminsa.

'Yar'uwa, abin da kika karanta yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yana bukatar gyara a wuri biyu, kuma gyara na biyun shi ne ya fi ɗauke min hankali a shekarun da na yi ina koyar da wannan fanni.

Na farko mai sauƙi ne, wato kalmar "a duniya". Tun a shekarar 701 fadar Japan take da ofishi na musamman mai kula da koyar da kiɗa da rawar fada. A ƙasar Sin kuma, Sarki Xuanzong na daular Tang, wanda ya hau mulki a 712, ya kafa wurin horar da makaɗa da mawaƙa da masu rawa da ake kira Lambun Fiya, har yau kuma 'yan wasan opera na ƙasar, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, suna kiran kansu almajiran wannan lambu. Kin ga an riga Louis da shekara ɗari tara da ɗoriya. Idan za ki rubuta, ki ce hukumar rawa ta farko da wani sarki ya kafa a Turai, ko irinta ta farko a tarihin bale.

Na biyu, abin da aka kafa a 1661 ba makaranta ba ce irin wadda kike hasashe, mai ajujuwa da yara suna jere suna ɗaga ƙafa. Majalisa ce ta manyan malaman rawa su 13, aikinta tsare ƙa'ida da tantance wanda ya isa ya koyar. Makarantar da ta ɗauki yaro ƙarami ta raine shi har ya zama gwani, daga baya ta zo, kuma wasu daga cikin mafiya tasiri ba a Faransa ma aka yi su ba. Kafin ki gane yadda aka tashi daga wancan zuwa wannan, sai mun koma baya kaɗan.

Bale ba a Faransa aka haife ta ba. Sunan ma daga Italiyanci ya fito, daga ballo, wato rawa, da balletto, 'yar ƙaramar rawa. A ƙarni na 15 biranen Italiya irin su Ferrara da Milan da Florence kowanne yana da fadarsa, kuma masu mulki suna gasar nuna isa ta hanyar bukukuwa. Sai aka sami wata sabuwar sana'a, malamin rawa na fada. Domenico da Piacenza, wanda ya yi aiki a fadar Ferrara, ya rubuta ƙa'idojin rawa a wajejen 1450, almajirinsa Guglielmo Ebreo ya rubuta nasa a 1463. Waɗannan mutane ba su da makaranta. Gida-gida suke bi, fada-fada, suna koya wa 'ya'yan sarauta yadda ake taku da yadda ake rusunawa da yadda ake riƙe hannun mace a gaban jama'a.

Aure ne ya ƙarfafa wannan al'ada a Faransa. Catherine de Medici, 'yar gidan masu mulkin Florence, ta auri ɗan Sarkin Faransa a 1533, daga baya ta zama matar sarki, ta kuma zama uwar sarakuna uku. A zamaninta makaɗa da malaman rawa na Italiya suka cika fadar. Ɗaya daga cikinsu, mai goge ne da Faransawa suka raɗa wa Balthasar de Beaujoyeulx, shi ya shirya gagarumin wasan da aka yi ranar 15 ga Oktoba 1581 don bikin auren ƙanwar matar sarkin lokacin, ɗan Catherine. An fara da dare, aka shafe fiye da awa biyar ana yi, an haɗa rawa da waƙa da kiɗa da labari guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Masana da yawa daga wannan dare suke fara lissafin tarihin bale. Amma ki lura da waɗanda suka yi rawar. Matar sarki ce da kanta da manyan matan fada da 'ya'yan sarauta. 'Yan kallo kuma suna zaune a gefe-gefe, da yawansu daga sama suke leƙowa, saboda haka abin burgewa shi ne siffofin da masu rawa ke zanawa a ƙasa idan sun jeru sun watse sun sake haɗuwa. Ba a bukatar wani ya yi tsalle ya kai rufi.

A nan ne amsar mamakinki take. A fadar Faransa ta wancan zamani rawa ba wasa ba ce. Ɗan sarauta abu uku ake horar da jikinsa a kai: hawan doki, wasan takobi, da rawa. Wanda ya yi tuntuɓe a gaban sarki ranar biki ya zubar da mutuncinsa, zancen kuma zai daɗe yana yawo a fada. Wa ya fara fita fili, wa ke binsa, wa aka tsayar kusa da sarki, duk wannan muƙami ne ake karantawa a idon kowa. Duk wanda ya san yadda ake tsara jerin dawakai ranar hawan salla, ya san cewa gaba da baya ba a banza ake raba su ba, to zai fahimci wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Louis ya hau gadon sarauta a 1643 yana ɗan shekara huɗu. Tsakanin 1648 da 1653 manyan masu sarauta da alƙalan majalisar Faris suka yi wa fada bore, har sai da aka fice da yaron daga birnin cikin dare. Bai taɓa mantawa ba. Da ƙura ta lafa, a watan Fabrairun 1653, aka shirya wani dogon wasa da ke kwatanta dare daga faɗuwar rana zuwa asuba, a ƙarshensa sai ga sarki mai shekara 14 ya fito sanye da kaya masu walƙiyar zinariya a matsayin rana mai fitowa. Saƙon a fili yake: duhu ya wuce, kowa ya zo ya kewaye hasken. Louis ya ci gaba da yin atisayen rawa a kai a kai da fitowa wasanni har zuwa wajejen 1670, kuma shaidun zamaninsa sun yarda cewa ya iya.

A watan Maris na 1661 Kadinal Mazarin, babban limamin cocin Katolika wanda ke riƙe da ragamar gwamnati, ya mutu, Louis ya ce daga yau shi zai yi mulki da kansa. A cikin wannan watan ne ya sa hannu kan takardar kafa Académie Royale de Danse, wato majalisar rawa ta sarki. Wannan kusancin lokaci yana burge ni duk sanda na tuna shi. Saurayi ɗan shekara 22 ya karɓi ƙasa mai tarin matsaloli, amma cikin ayyukansa na farko har da tsara rawa. Takardar ta faɗi dalili. Ta ce rawa tana cikin fasahohin da suka fi amfani wajen gina jiki da shirya shi don ɗaukar makami, ta kuma koka cewa a lokacin yaƙe-yaƙen baya jahilai sun shigo sana'ar sun ɓata ta, har ya zama da wuya a sami isassun mutanen fada da za su iya shiga wasannin sarki. Sai aka zaɓi malamai 13 aka ɗora musu gyara. Za su riƙa zama wata-wata, su tattauna ƙa'ida, su jarraba masu son koyarwa, su kuma duba sabuwar rawa kafin a nuna ta. Dama akwai irin wannan majalisa ta harshen Faransanci tun 1635, da ta masu zane da sassaƙa tun 1648, ta kimiyya kuma ta biyo baya a 1666. Manufar ɗaya ce, kowace fasaha ta sami ma'auni, ma'aunin kuma ya kasance a hannun sarki.

Akwai wani ɓangare da littattafan makaranta kan tsallake, alhali shi ya fi nuna abin da ya faru a zahiri. Kafin 1661 malaman rawa ba su da 'yancin kansu. Suna ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyar makaɗan Faris da aka kafa tun 1321, mai ɗauke da sunan waliyyinsu Saint Julien. Shugabanta yana da laƙabin da idan aka juya shi zuwa Hausa zai zama Sarkin Masu Goge, kuma aikinsa ya yi kama da na Sarkin Makaɗa ko Sarkin Maƙera a garuruwanmu: ba ka kama sana'a sai da izininsa, sai ka biya abin da ake biya. A al'adar lokacin malamin rawa shi ne makaɗin kansa, yana yawo da ɗan ƙaramin goge a aljihun riga. Takardar sarki ta cire malaman 13 daga wannan ikon. Sarkin Masu Goge na lokacin, Guillaume Dumanoir, bai yi shiru ba. Ya kai ƙara, ya kuma wallafa ɗan littafi a 1664 yana kafa hujjar cewa kiɗa da rawa mata da miji ne, ba mai raba su. Malaman suka mayar da martani cewa rawa fasaha ce mai tsayawa da ƙafarta, tana da ilminta da ƙa'idojinta. Dumanoir ya yi rashin nasara. A ganina wannan shi ne babban abin da 1661 ta haifar: ranar da hukuma ta yarda cewa rawa ilmi ce mai zaman kanta, ba 'yar rakiyar kiɗa ba.

Bayan haka fa, me majalisar ta aikata? Abin da ya iso gare mu kaɗan ne ƙwarai. An ba su ɗaki a fadar Louvre, amma labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne sun fi son haɗuwa a wani gidan shaye-shaye mai suna Takobin Itace. Ba su bar wani kundin ƙa'ida da sunan majalisar ba. Ta ci gaba da wanzuwa fiye da shekara ɗari, kujerunta sun zama lambar girma ga manyan 'yan rawa, sannan ta dusashe tun kafin juyin juya halin Faransa na 1789.

Aikin ƙa'idar da ake jingina mata, mutum ɗaya ne ya fi ɗaukar nauyinsa, Pierre Beauchamp, malamin rawar sarki, wanda daga baya ya shugabance ta. Shi ake danganta wa tsayuwa biyar na ƙafa, waɗanda har gobe su ne darasin farko a kowane ajin bale. Shaidar hakan ta zo ne daga wani malamin rawa, Pierre Rameau, a littafinsa na 1725. Beauchamp bai ƙirƙiro tsayuwar daga iska ba, ana yin su tun kafin shi, abin da ya yi shi ne ya tace su ya ba su lamba, ya zama kowane taku yana farawa daga ɗaya ya ƙare a ɗaya. Ya kuma tsara hanyar rubuta rawa a takarda, amma bai buga ba. Raoul-Auger Feuillet ne ya buga tsarin a 1700, Beauchamp ya kai kuka a 1704 cewa aikinsa ne, bai samu biyan bukata ba. Ko ma na wane ne, tasirin ya yi yawa. An fassara littafin zuwa Ingilishi a 1706, kuma aka riƙa buga sabbin raye-rayen Faris a takarda ana aika su biranen Turai. Malami a Landan zai buɗe shafi ya ga layin da ƙafa za ta bi a ƙasa da alamomin lanƙwasa da miƙewa da tsalle, ya koya wa ɗalibansa abin da bai taɓa gani da ido ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kalmomin bale suka zauna da Faransanci a ko'ina. Malama a Tokyo ko Legas idan tana son a lanƙwasa gwiwa plié za ta ce, idan tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya ta ce jeté.

Makaranta ta gaskiya ta wata ƙofa ta shigo. A 1669 sarki ya ba wani marubuci, Pierre Perrin, izinin kafa gidan opera. Perrin ya faɗa bashi, Jean-Baptiste Lully, ɗan Florence da ya fara a matsayin mai rawa da goge a fada, ya karɓi izinin a 1672, aka sa wa wurin suna Académie Royale de Musique. Shi ne gidan opera na Faris na yau. Beauchamp ya zama mai tsara raye-rayensa. Opera irin ta Faransa ba ta cika sai da rawa a kowane babi, kuma yanzu wasan na masu sayen tikiti ne, ana yi a kai a kai. Ɗan sarauta ba zai hau dandamali ya yi rawa don kuɗi ba, sarki kansa ya daina fitowa. Dole aka koma ga waɗanda rawa ce abincinsu.

Sauyin wuri ya sauya jikin mai rawa, wannan kuwa abu ne da nake son ɗalibaina su riƙe. A zauren fada ana kallonka ta kowane gefe. A dandamali kuwa 'yan kallo suna gabanka ne kawai, a ƙasa, kai kana sama kamar hoto a cikin firam. Siffar da ka zana a ƙasa ta daina bayyana sosai, sai tsayin tsalle da saurin ƙafa da juyi suka zama abin kallo. Kana kuma bukatar ka tafi dama ka tafi hagu ba tare da ka juya wa mutane baya ba, abin da ke sauƙaƙa hakan shi ne juya ƙafafu waje tun daga kwatangwalo. A zamanin Beauchamp juyin matsakaici ne, irin na tsayuwar mai takobi. Da tafiya ta yi tafiya aka riƙa ƙarawa, har a ƙarni na 19 aka kai ga diddige biyu a haɗe, yatsu suna kallon gabas da yamma a layi ɗaya. Babba ba ya koyon wannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan karin magana a bale ba misali ba ne, bayanin ƙashi da jijiya ne. Daga nan bukatar ɗaukar yara ta taso.

Mata ma a nan suka shigo. A fada matan sarauta suna rawa, amma a dandamalin opera maza ne ke sa kayan mata da abin rufe fuska. A 1681 aka fara fito da mata 'yan sana'a, wadda ta yi fice a cikinsu ita ce Mademoiselle de Lafontaine. Shekara 45 bayan haka, a 1726, Marie Camargo ta fara fitowa a Faris, ta rage tsawon siket ɗinta zuwa saman idon sawu don a ga aikin da ƙafafunta ke yi.

A 1713, shekara biyu kafin rasuwarsa, Louis ya fitar da dokar gyara gidan opera, a cikinta aka tanadi makarantar koyar da rawa kyauta. Wannan shekara ce makarantar bale ta opera ta Faris take lissafawa a matsayin haihuwarta, kuma ita ce mafi tsufa cikin masu rai a yau. Ko ita ma da farko manyan ma'aikatan gidan take gogewa. Sai a shekarun 1780, zamanin Louis na 16, aka tsara ajin ƙananan yara yadda ya kamata.

Kafin hakan ma Rasha ta riga ta yi abin. Sarki Peter Babba ya tilasta wa manyan ƙasarsa tarukan rawa irin na Turai da doka a 1718. Wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Landé, yana koyar da rawa a makarantar hafsoshin soja ta Saint Petersburg, sai ya roƙi Sarauniya Anna ta ba shi yara ya horar da su na dindindin. A 1738 ta amince. Aka ba shi yara maza 12 da mata 12, duka 'ya'yan barorin fada, aka ba su ɗakuna a tsohuwar fadar hunturu, baitulmali ya ɗauki cinsu da suturarsu. Ki kwatanta wannan da 1661. A can manya 13 ne ke zama wata-wata, a nan yara 24 ne ke kwana su tashi a hannun malami shekara da shekaru. A Mosko kuma, a 1773, hukumar gidan marayu na birnin ta ɗauki wani ɗan Italiya, Filippo Beccari, ya koya wa marayu rawa, daga wannan aji makarantar Bolshoi, shahararriyar makarantar bale ta Mosko, ta tsiro. A ƙauyuka manyan masu ƙasa irin gidan Sheremetev suna da nasu rukunin 'yan rawa da aka zaɓo daga cikin manoman da doka ta ɗaure a gonakinsu, mutanen da ake iya sayarwa. Denmak ta buɗe tata makarantar a gidan wasan sarki na Kopenhagen a 1771, Suwidin ta kafa nata rukunin a 1773 ƙarƙashin Sarki Gustav na 3.

Ki duba wannan jeri da kyau: 'ya'yan barori, marayu, manoman da ba su mallaki kansu ba. Rawar da aka ƙirƙira don nuna cewa mutum ɗan asali ne, wadda duk takunta kwaikwayon tsayuwar basarake ce, a ƙarshe jikin 'ya'yan talakawa ne ya ɗauke ta ya kai ta inda basarake ba zai taɓa kaiwa ba. Ba na iya karanta tarihin nan ban ji nauyin wannan a zuciyata ba. Ga maraya a Mosko makarantar tana nufin abinci da gado da sana'a, a makarantun sarki na Rasha har da fansho bayan shekarun aiki, wannan alheri ne na gaske. Amma yaron ba shi ya zaɓa ba, horon yana da tsanani, duka yana ciki. Charles Didelot, wanda ya iso Saint Petersburg a 1801 ya ɗaga darajar makarantar ƙwarai, an san shi da sanda a aji. A Faris ta ƙarni na 19 ana kiran 'yan matan makarantar da ƙananan ɓeraye. Yawancinsu daga gidajen da ba su da na abinci suke, kuma attajiran da ke biyan kuɗin kujera na shekara suna da izinin shiga bayan dandamali inda yaran ke motsa jiki, abin da ya jefa da yawansu cikin hannun masu cin zarafi. Idan kika ga zane-zanen Edgar Degas na 'yan matan bale, ki lura da mazan nan masu baƙaƙen kaya da ke tsaye a gefe. Duk wanda zai ba da tarihin waɗannan makarantu ya ɓoye wannan, bai yi wa yaran adalci ba.

Saura Milan, inda aka gyara darasin kansa. Gidan opera na La Scala ya buɗe a 1778, makarantar rawarsa a 1813. A 1837 Carlo Blasis ya karɓi shugabancinta. Tun a 1820 ya wallafa littafin dabarun rawa mai zane-zane da ke nuna kusurwar kowace gaɓa da inda nauyin jiki ya kamata ya sauka. A hannunsa horo ya zama na kusan shekara takwas, ana ɗaukar yaro yana wajejen takwas zuwa sha biyu, kullum da safe awanni na rawa, sannan darasin nuna ma'ana da fuska da hannu. Tsarin ajin da ake bi yau, a fara da dafa sandar da ke jikin bango, a fito tsakiyar ɗaki, a yi motsi a hankali, sannan juyi, a ƙare da tsalle, a wannan zamani ya kafu, kuma Blasis yana cikin waɗanda suka fi tsayar da shi. Lokacin ya dace da bukata, domin bayan Marie Taglioni ta girgiza Faris a 1832 da rawa a kan tsinin yatsu, kowace mai rawa tana bukatar ƙafa mai ƙarfin da sai shekarun atisaye ke ginawa. 'Yan matan Milan suka zama abin nema a Turai duka. Pierina Legnani, wadda ta fito daga makarantar, ita ta ba mutanen Saint Petersburg mamaki a 1893 da juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya.

Me ya sa makaranta ta zama wajibi ga bale fiye da sauran fasahohi? Saboda takarda ba ta iya riƙe ta. Rubutun Feuillet ya yi aiki a zamanin da rawa ta dogara da taku a ƙasa, da rawa ta ƙara wuya sai aka watsar da shi kafin ƙarshen ƙarni na 18. Jean-Georges Noverre, Bafaranshe mai tsara raye-raye wanda ya yi kira a 1760 cewa a cire abin rufe fuska da kaya masu nauyi a bar rawa ta ba da labari da kanta, yana cikin masu ganin rubutun ya gaza. Makaɗi yana da takardar waƙa, mai wasan kwaikwayo yana da rubutun wasa, mai rawa kuwa malaminsa kaɗai gare shi. Ilmin a jiki yake zaune, daga jiki yake ƙaura zuwa jiki. Shi ya sa inda makaranta ta ɗore rawar ta ɗore. A Kopenhagen akwai wasan da Vincenzo Galeotti ya tsara a 1786, ana yinsa har yau da takun asali, shi ne mafi tsufa irinsa a duniya, kuma abin da ya tsare shi shi ne makarantar ba ta taɓa yankewa ba.

Ana iya bin wannan kamar yadda malamanmu ke bin silsilar karatu, wane ya ɗauka daga wane. Auguste Vestris, gwanin opera ta Faris, ya koyar da August Bournonville, wanda ya koma Denmak ya shugabanci rawar ƙasar daga 1830. Bournonville ya koyar da Christian Johansson ɗan Suwidin, shi kuma ya tafi Saint Petersburg a 1841 ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a can. Ta ɗaya ɓangaren, Blasis ya koyar da Giovanni Lepri, Lepri ya koyar da Enrico Cecchetti, Cecchetti ya isa Saint Petersburg a 1887 da ƙarfi da saurin Italiya. Igiyoyin biyu suka haɗu a gini ɗaya da ke titin Rossi, inda makarantar Landé ta koma tun 1836, a daidai lokacin da Bafaranshe Marius Petipa ke tsara manyan wasannin gidan sarki. Wata yarinya mai suna Agrippina Vaganova ta gama karatu a nan a 1897, ta ga salon biyu a jikin malamanta, ta fara koyarwa bayan juyin juya halin Rasha na 1917, ta haɗa su ta fitar da tsarin da ta wallafa a 1934. A 1957 aka sa wa makarantar sunanta, kuma har yau a titin Rossi take, tana lissafa shekarunta daga yaran nan 24 na 1738.